Waca: Iska ta juya, amma ba wanda ya yi shelarta

Sanyin asuba ya fara shigowa ƙasar Magariya da Dungas. A wayoyin salula ana kiran sa da sunan da aka aro daga Turai. A gonakin Waca kuwa, abin da ya fi sanyin nauyi shi ne bushewar iskar da ke tafe da shi, wadda cikin mako biyu ko uku take yanke hukunci a kan wake, a kan makiyayi, a kan mai garka da kuma ɗan goye.

Duk wanda ya kwana a tsakar gida a Waca cikin ƴan kwanakin nan ya san an samu canji. Da isha'i zufa ake yi, amma kafin kiran assalatu sai ka ji mutum yana laluben zanen rufa. Ruwan randa ya yi sanyi, leɓɓa sun soma tsagewa, masu shayi na bakin tasha suna samun ciniki tun da duku-duku. Da hantsi kuma rana ta dawo da ƙarfinta, kamar ba a yi sanyin ba. Haka abin yake a Bande, a Guci, a Mallawa, har ƙetaren iyaka wajen Babura da Maigatari.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani hoto da ke yawo a WhatsApp, irin taswirar nan ta hasashen yanayi da tashoshin talabijin na Faransa ke nunawa: wani shuɗin layi mai haƙora kamar zarto, a ƙasansa an rubuta "front froid". Wani ƙanena da ke karatu a Damagaram ya turo mini shi yana tambaya, "Yaya, wannan ne ya iso mana?" Amsar a taƙaice ita ce a'a. Amma tambayar tana da kyau, don kuwa bambancin da ke tsakanin sanyin Turawa da namu shi ne ainihin abin da ya kamata manomi ya sani a watan Oktoba.

Layin da ya zo daga fagen daga

A ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, irin su Faransa, Jamus ko Kanada, akwai manyan iskoki biyu da ke gaba da juna: mai sanyi da ke gangarowa daga ƙuryar arewa, da mai ɗumi da ke haurowa daga kudu. Ba sa gaurayuwa da sauƙi. Iska mai sanyi ta fi nauyi, saboda haka in ta taso sai ta kutsa ƙarƙashin mai ɗumin kamar yadda ake cusa bakin gatari a itace, ta ɗaga ta sama. Iskar da aka ɗaga ta huce, tururin da ke cikinta ya zama gajimare, a yi ruwa ko tsawa. Da layin ya wuce, sai iska ta sauya gefen da take fitowa, sama ta washe, zafi ya faɗi da digiri biyar ko goma cikin sa'o'i kaɗan. A ƙarshen Satumba, lokacin da kakarsu ke kamawa, irin wannan layin ne ke sanar da su cewa zafin shekara ya ƙare.

Masana yanayi na birnin Bergen a ƙasar Norwe, Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob da abokan aikinsu, su ne suka fayyace wannan tsari wajen shekarar 1919. An fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ke nan, sai suka ari kalmar sojoji, suka kira mahaɗar iskokin da sunan fagen daga. A ajin labarin ƙasa na jami'a mun haddace wannan da Faransanci, mun zana shi, an ba mu maki. Sai daga baya na lura cewa ban taɓa ganin irin wannan layin ya ratsa garinmu a watan Oktoba ba.

Abin da ya fi kama da shi a wurinmu, cikin damina yake zuwa. Kowa ya san yammacin da hadari ke haɗowa daga gabas: zafi ya yi zafi, ganye ba ya motsi, can sai wata iska mai sanyi ta taso da jar ƙura a gabanta, mata su ruga kwashe shanya, kafin ka ankara jiki ya ɗauki sanyi tun ruwan bai sauka ba. Iskar nan daga cikin hadarin take faɗowa, ruwan sama ne ya sanyaya ta, kuma ita ma kutsawa take yi ƙarƙashin iska mai zafi. Sai dai ranta gajere ne. Gobe da hantsi zafi ya dawo.

Namu juyin iska ne

Sanyin kaka a Waca daga wata hanya dabam yake fitowa. Mu ma muna da iskoki biyu da ke ture juna, amma abin da ya raba su shi ne laima. Ɗaya tana fitowa daga kudu maso yamma, daga tekun Gine, ɗauke da danshi. Ita ce mai kawo damina. Ɗayar tana fitowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, busasshiya ƙayau. Ita ce hunturu. Mahaɗarsu ita ce abin da masu sauraron labarin yanayi a rediyo suka saba ji ana kira FIT. Layin nan yana hawa arewa tun daga bazara, a watan Agusta ya kai can wajen digiri 20 na taswira, arewa da Agadas. Daga Satumba ya fara komawa, kuma komawarsa ta fi hawansa sauri. Magariya tana wajen digiri 13. A yawancin shekaru cikin Oktoba layin ke ratsa ta ya yi kudu.

Ba a rana ɗaya yake wucewa ba, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Kai-da-kawo yake yi. Da dare iskar kudu ta ɗan lallaɓo, a tashi da raɓa a kan ganyen wake. Da rana iskar arewa ta kore ta. Ana iya kwana goma ko fiye a haka. Sannan wata safiya ka shiga gona, ƙafar wandonka ba ta jiƙe ba. Ranar da raɓa ta ɗauke, ranar ce damina ta yi sallama ta gaskiya, ko da an yi makonni ba a ga ɗigon ruwa ba.

Me ya sa dare ke sanyi alhali iskar daga hamada ta fito? Tururin ruwa da ke cikin iska tamkar bargo ne a kan ƙasa. Zafin da ƙasa ta sha da rana, da dare take mayar da shi sama. In akwai laima da gajimare sai su tare shi, su dawo da wani kaso. In iska ta bushe, sama ta zama fayau, an yaye bargon ke nan, zafin ya tsere. Shi ya sa asuba ta fi kowane lokaci sanyi, shi ya sa kuma mai kwana a fadama ya fi mai kwana a kan tudu jin sa, don iska mai sanyi gangarawa take yi kamar ruwa, ta taru a kwari.

Wannan yayewar bargon ce kuma ke sa rana ta yi ƙuna. A Damagaram zafin rana a watan Agusta, lokacin malka, yakan tsaya wajen digiri 32 ko 33. A Oktoba sai ya haura kusa da 37. Wato watan da muke cewa sanyi ya fara, da rana ya fi tsakiyar damina zafi. Kakanninmu sun ba wannan lokacin sunansa, agazari, kuma duk wanda ya taɓa yankan hatsi da azahar ya san shi. Ɗari na gaske, wanda ake tashi da digiri 14 ko 15 a cikin gari, ƙasa da haka a fadama, sai Disamba da Janairu.

Manoman da ba su taɓa jin sunan FIT ba suna da nasu alamun, kuma ba na banza ba ne. Shamuwa da ta zo gabanin ruwan fari ta bar sheƙarta ta nufi kudancin Afirka. Gawo, wanda ya tsaya tsirara duk damina, ya fara fitar da sabon ganye. A ƙasar Magariya, Matamai da Miriya, inda manoma suka raya gawo a gonakinsu har yankin ya yi suna a duniya, ba ka buƙatar na'ura kafin ka ga wannan. Malaman zaure kuma suna da lissafin taurari 28, kowane kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, kuma a wutsiyar damina akwai wanda ake kira Sarfa, daga kalmar Larabci mai nufin juyawa. Wani kawuna ya taɓa dubana lokacin da nake masa dogon bayani a kan taswira, ya ce, "Ɗana, wannan layin naku, gawon bayan gidana ya riga ku ganin sa." Ban yi musu ba. Inda gawo ya gaza shi ne ba ya iya faɗa maka abin da zai faru jibi.

Inda sanyin Turai ke taɓa mu

Akwai dai dangantaka tsakanin shuɗin layin da ƙanena ya turo da abin da muke shaƙa, sai dai ta bayan gida take zuwa, kuma ta fi ƙarfi daga Disamba zuwa Maris. In irin wannan layin ya ratsa tekun Bahar Rum ya faɗo Aljeriya da Libiya, iska mai sanyi da nauyi takan taru a bayansa. Nauyin nan ya tunkuɗo iskar hamada zuwa kudu da ƙarfi. A arewacin Cadi, iskar takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta fito da gudu kamar ruwa daga bakin bututu, ta faɗa kwarin Bodele. Kwarin nan gindin tsohon tafkin Cadi ne na zamanin da yake da girma ƙwarai, ƙasarsa fara ce mai laushi kamar gari, kuma masana na ɗaukar sa a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya fitar da ƙura. Wata daga cikinta har Amazon take kaiwa, a ƙetaren Atlantika.

Tsakanin Bodele da Damagaram kusan kilomita dubu ne. Ƙurar da ta tashi can, cikin kwana ɗaya zuwa biyu take isowa nan. Shi ne farin hazon da ke rufe gari, rana ta koma kamar faranti, jirage su kasa sauka, a wuni da rigar sanyi. A farkon Maris na 2006 an yi irin wannan babba, a daidai lokacin da masu binciken damina na shirin AMMA suka girke na'urori a Yamai. Sun auna yadda hazon ya rage hasken rana da ke isa ƙasa, zafin yini ya faɗi sosai a watan da ake sa ran ya hau. Tushen abin, sanyi ne da ya faɗo arewacin Afirka kwanaki kaɗan kafin nan.

Abin lura a nan: tunda tauraron ɗan'adam na ganin ƙurar tun daga tashinta, hazo ba baƙo ba ne mai zuwa ba sallama. Ana iya faɗar zuwansa. Zan dawo kan wannan.

Wanda juyin ya yi wa daɗi da wanda ya yi wa ciwo

A gundumar Magariya, ƙidayar 2012 ta samu mutane sama da dubu 570. A ta Dungas, wadda aka cire daga jikinta a 2011, sama da dubu 350. Yau sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma kusan kowane gida da gona yake rayuwa. Ruwan da ake samu a shekarar da ta yi daidai bai wuce milimita 500 zuwa 600 ba, duk cikin wata huɗu. Ga mai irin wannan lissafin, mako ɗaya a ƙarshen damina ba ƙaramin abu ba ne.

Hatsi mai saurin nuna ya riga ya shiga rumbu ko yana kan hanya. Abin da ke gona har yanzu shi ne dawa, maiwa da wake, musamman waken gida mai yaɗo, wanda ba ya fure sai yini ya fara gajarta. Waɗannan da sauran danshin ƙasa da raɓar asuba suke ƙarasa nuna. In busasshiyar iska ta shigo da wuri, fure ya kakkaɓe, kwanso ya tsaya shafal, manomi ya tashi da harawa kawai. Harawa ma kuɗi ce, amma in ba a tsige ta a kan kari ba ganyen ya bushe ya zube a gona, a ɗaure kara zalla. Kuma wake a wannan yankin shi ne kuɗin lakwal, kuɗin magani, kuɗin biki.

In kuwa juyin ya yi jinkiri, wata matsalar ce. Dammunan hatsi da aka jera a gona su sha ruwan ƙarshe, zangarniya ta yi baƙi. Gujiyar da aka tuge aka tara ba ta bushe ba ta yi fumfuna, kuma fumfunar gujiya na haifar da guba mai lahani ga hanta, wadda ido ba ya gani, wuta ba ta kashewa. Buhunan PICS masu ruɓi uku, da cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi da jami'ar Purdue ta Amurka suka yaɗa tun 2007, suna kare wake daga ƙwari ba tare da magani ba, amma da sharaɗin waken ya bushe sarai kafin a ɗaure baki. Iskar da ke kashe furen wani ita ce ke busar da waken maƙwabcinsa da ya riga shi shuka.

Masu garka a kwarin Korama, inda Waca ke samun rakenta, rogonta da kayan miyanta, su murna suke da sanyin. Tumatir, shu, salati, albasa da dankalin Turawa duk daren sanyi suke so. Tagar tasu daga Nuwamba ce zuwa Fabrairu. Wanda bai zuba iri a Oktoba ba, amfaninsa zai haɗu da zafin Maris. Noman rani, wanda gwamnatin Seyni Kunce ta tura jama'a gare shi bayan farin 1984, ya zama kaka ta biyu a wannan yanki. Sai dai busasshiyar iska na shanye ruwan fadama da sauri, ban ruwa ya ƙaru, man injin ban ruwa ya ƙaru.

Inda abin ya fi zafi shi ne tsakanin manomi da makiyayi. Dabbobin da suka yi damina a arewa, wajen Tanut da Gure, tafkunan ruwan sama suke sha. Da iska ta juya, ƙananan tafkuna su ƙafe cikin kwanaki, ciyawa ta bushe, gobarar daji ta fara cin abin da ya rage. Makiyayi ba shi da zaɓi sai ya gangaro kudu. A kudu kuwa dawa na tsaye, wake na kwance. Dokar ƙasa ta tanadi wannan: kundin tsarin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare burtali da mashaya, kuma kowace shekara hukumomin jaha na tsai da ranar sakin gonaki bayan shawara da wakilan ɓangarorin biyu. Amma ranar a takarda take, ƙishirwa kuma ba ta karanta takarda. Tazarar da ke tsakanin ranar da tafkin arewa ya ƙafe da ranar da aka saki gonakin kudu, a cikinta ake yawancin rigingimun kaka. Waɗanda suka manyanta ba su manta da Toda ba, a jahar Maraɗi, inda a ƙarshen Oktoban 1991 aka kashe mutane sama da ɗari, akasarinsu mata da yara. A ganina, kwamitin da zai tsai da ranar sakin gonaki ba tare da ma'aikacin hasashen yanayi a teburin ba, rabin aikinsa ya yi.

Daga sauro zuwa sanƙarau

A gidan likita, juyin iska sauyin baƙi ne. Sanyin asuba na sa iyaye su ɗauka sauro ya tafi, a naɗe gidan sauro a jefa bayan ɗaki. Kuskure ne mai tsada. Zazzaɓin cizon sauro a nan yakan kai ƙololuwa ne a ƙarshen damina, Satumba da Oktoba, kuma a bakin fadama ba ya ɗaukewa da wuri. Sashen yara na asibitin Magariya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana aiki, ya sha cika ya batse a irin wannan lokacin. A Satumban 2018 ƙungiyar ta sanar cewa ana rasa yara kusan goma a kowace rana a can, yawanci saboda zazzaɓi da tamowa.

Kafin wannan baƙon ya gama tafiya, na biyu ya iso. Busasshiyar iska da ƙura na tsattsaga fatar cikin hanci da maƙogwaro, sanyi kuma na tara mutane a ɗaki ɗaya a rufe ƙofa da taga. Mura, tari, ciwon haƙarƙari na yara, ƙyanda, duk lokacinsu ke nan. Sai kuma sanƙarau. Tun 1963 likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana yankin da cutar ta fi addaba, ya kuma nuna tana tashi da rani ta kwanta da faɗuwar ruwa. Mun saba cewa ciwon bazara ne, sai Maris da Afrilu. Amma a duba abin da ya faru a nan gida: Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar da rahoton cewa daga 1 ga Nuwamban 2022 zuwa 27 ga Janairun 2023, mutane 559 suka kamu a jahar Damagaram, 18 suka rasu. Daga cikinsu 342 a gundumar Dungas suke. Wato cutar ba ta jira zafi ba. Bayan juyin iska da ƴan makonni ta fara. Daga baya an ga irinta a Jigawa, abin da ba zai ba wanda ya san yadda ake shiga da fita kasuwar Maigatari ranar Alhamis mamaki ba.

Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta kusan kawar da nau'in A na ƙwayar cutar, amma nau'in C ne ya yi ɓarna a 2015 da kuma a Dungas. Sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar ta fara aiki a 2024. Ko da allura, zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko jariri mai kumburin maɗiga da ƙin nono, ba abin da za a kwana ana jiƙa saiwa ba ne. Sa'o'i ake ƙirgawa.

A ƙara da kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe, wanda hayaƙinsa marar wari ke kashe mutum cikin barci, da almajiran da ke kwana a zaure da riga ɗaya.

Kowa na jiran ruwan fari, ba mai jiran iskar fari

Ba za a ce Nijar ba ta da masana ba. A Yamai cibiyar AGRHYMET take, tun 1974. A Yamai cibiyar ACMAD ta nahiyar Afirka take. Ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa tana da tashar awo a Damagaram, tana da wata a Magariya kanta. Hasashen damina da masanan yankin Sahel ke fitarwa kowace bazara ba farkon ruwa kaɗai yake faɗa ba, har da lokacin da ake sa ran ɗaukewarsa. A Barselona ta ƙasar Sifen akwai cibiyar da ke fitar da hasashen ƙura na kwanaki masu zuwa ga arewacin Afirka da Sahel, kyauta a intanet. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta yi alkawari a 2022 cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan'adam zai kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa.

Matsalar tana tsakanin Yamai da gindin gawon kawuna. Hasashen ƙarshen damina ana faɗar sa ne tun Afrilu ko Mayu, da kalmomi uku: da wuri, daidai, ko a makare. Kafin Oktoba an manta. Bayanin inda FIT yake, da Faransanci yake fitowa, da lambobin taswira; manomin Waca bai san ko digiri 14 gabansa yake ko bayansa ba. Manhajojin salula kuma zafin yini da alamar rana suke nunawa, su ɓoye lambar da ta fi muhimmanci a wannan watan, wato laimar iska, wadda ke faɗowa daga sama da kashi 70 cikin 100 a malka zuwa ƙasa da 20 a tsakiyar hunturu.

Mu ƴan jarida ma muna da laifinmu. Ruwan fari labari ne, ambaliya labari ce. A 2024, da ruwa ya rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram a farkon Satumba, aka kuma ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba, duk mun rubuta. Amma ɗaukewar raɓa ba ta da hoto, ba ta rusa gini, ba ministan da ke zuwa jaje. Sai mu bar ta ta wuce, mu dawo a Janairu muna ƙirga masu sanƙarau.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin gina gada ba. Daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, gidajen rediyon karkara na Magariya da Dungas su samu saƙo na minti biyu kowace yamma, da Hausa da Fulatanci, da sunayen garuruwa maimakon lambobi: busasshiyar iska ta kai Tanut, ta kai Damagaram, ana sa ran ta a Waca da Dungas cikin kwana kaza, akwai sauran hadari ko babu, hazo ya tashi a Cadi, gobe a rufe wa yara hanci. Mai wake zai san ko ya tsige harawa yau ko ya ƙara kwana uku. Mai gujiya zai san ko ya baza ta a fili. Magajin gari da sarakuna za su san lokacin da ya kamata a zauna da ardo tun garke bai iso bakin gona ba, shugaban gidan likita kuma ya duba abin da ke cikin ma'ajiyarsa.

Na mayar wa ƙanena amsa cewa shuɗin layin nasa yana can kan Faransa, in ma zai aiko mana da saƙo sai wajen Disamba, ta hanyar Bodele. Na ce in ya je gida ƙarshen mako ya shiga gonar wake da asuba ya duba ƙafar wandonsa. Ya kira ni ranar Lahadi ya ce ta jiƙe, amma kaɗan.